Ƙarfen da Oga Obi Ya Kawo Daga Anacha

Azare, Jihar Bauchi.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka ka riga ka sauka Fatakwal lafiya, babu faci, babu tsautsayi, babu ɓacin rai da kowa a hanya. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya haɗa ka da mutanen kirki tun daga ƙofar tasha.

Na san za ka yi mamaki in ka buɗe jaka ka ga rubutuna. Gobe da safe zan raka ka mota, kuma na san kaina, ba abin da zai fito daga bakina sai “Allah ya kiyaye hanya.” Ka yi haƙuri da ni. Kai ne ɗan fari, ga shi sunan mahaifina gare ka, tun kana goye bakina bai saba da doguwar magana a gabanka ba. Shi ya sa na ari biron ƙanwarka.

A ƙasan jakar, ƙarƙashin kuka da daddawar da Innarka ta ƙulla maka, akwai jan gwangwani naɗe a tsohon buhu. Ka san abin da ke ciki, sukudireban bugu ne, wanda ka taso kana gani a rumfata. Ba mantuwa na yi ba, na ba ka ne. Na ji ka ce a kamfanin da ya ɗauke ka akwai bindigar iska mai kwance notin babbar mota kafin mutum ya ƙifta ido. Madalla. Amma iskar nan inji ke hura ta, injin kuma wuta yake ci. Wannan kuwa guduma kawai yake nema da hannu mai natsuwa. Ka san yadda ake aiki da shi, amma ba ka san duk labarinsa ba, kuma wautata uku tana manne da shi. Gara ka ji su daga wurina, ko ka tsallake su.

Lokacin da na kafa rumfa a bakin hanyar Misau, farkon shekarun tamanin, Azare ba ta kai haka ba. Darbejiyar nan da yanzu take rufe mana babura goma, inuwarta ba ta wuce ta mutum biyu ba. Babura ’yan Japan sun fara cika gari, malaman makaranta da malaman gona kowa da nasa. Ni kuwa ƙarfi ne ke cina a lokacin. Na yi kokawa a Shira kafin in koyi makanikanci, kuma a zatona duk abin da ya ƙi motsi raini ne yake mini. Sukurorin murfin injin babur kansu laushi gare shi, ga su da kamewa in sun sha zafi da ruwa. In na sa sukudireba na murɗa da ƙarfi, sai kan ya cinye. In ya cinye, sai in jawo cizal da guduma in sassaƙe shi. ’Yan gareji suka sa mini suna Karya-Noti. Ni kuma ina ta washe baki, na ɗauka kirari ne.

Wata safiya Malam Bitrus ya kawo babur ɗinsa. Malamin allurar rigakafi ne, mutumin kudancin Bauchi, shi ke zagaya ƙauyukan Giade da akwatin magani ɗaure a baya. Ɗan gyara ne a cikin inji, wanda ba zai hana shi tafiya ba. Sukuru ɗaya ya ƙi. Na sa cizal, na ɗaga guduma kamar mai faskare. Cizal ta zame ta tsaga murfin, baƙin mai ya kwararo har kan takalminsa. Mutumin nan bai ɗaga murya ba. Ya dubi mai, ya dube ni, ya ce, “Malam Sule, mata suna can zaune da jarirai suna jirana.” Ya kwance akwatinsa, ya tsallaka titi ya tsaya jiran motar kasuwa. Na ga lokacin da ya hau bayan a-kori-kura, tsakanin buhunan gero, rungume da akwatin a ƙirji. Daga ranar sunan Karya-Noti ya daina yi mini daɗi.

Abba, in ƙarfe ya ƙi, kada ka yi fushi da shi. Zuba masa kananzir, ka tashi ka sha ruwa, ka dawo. Kuma duk abin da aka ajiye a gabanka don gyara, ka tuna akwai mutanen da ba ka gani suna jiransa.

Tsallaken titi akwai shagon kayan babur na Oga Obi. Kana tuna shi, shi ne mai tumbin nan da ke ɗaga ka sama yana ce maka Injiniya tun ba ka iya sa wando ba. Mutumin wajen Anacha ne, ya zo Azare yana saurayi. Hausa a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibiya, har gaisuwar Fulatanci yake yi da masu nono, sai dai har ya bar garin nan bai iya cewa ƙarfe ba, sai karfe. Da na je sayen sabon murfi na babur ɗin Malam Bitrus, ya miƙo mini, ya riƙe ɗaya gefen bai saki ba.

Ya ce, “Sule, ni mai sayar da murfi ne, ya kamata in riƙa yi maka addu’a. Amma abin ya fara ba ni kunya.”

Na ce, “Sukurorin ne ba su da kyau.”

Ya ce, “To.” Ya saki.

Bai sake tayar da maganar ba sai da ya je gida Kirsimeti ya dawo. Ya tsallako da jan gwangwanin nan a hammata, ya buɗe a kan bencina. Na ga wani ƙarfe gajere mai kauri kamar guntun taɓarya, da kawuna jere a gefensa, masu giciye da masu faɗi, da bakin da ake sa wa soket don noti. Na ɗauka na juya, na ce, “Wannan na dakan yaji ne?”

Bai kula ni ba. Ya jawo wani tsohon inji da ya shekara a ƙarƙashin benci, ya zaɓi kan da ya zauna daram a sukuru, ya riƙe ƙarfen da hagu ya ɗan murɗa, ya ɗauki gudumata ya buga masa sau ɗaya, bugun da ko gyaɗa ba zai fasa sosai ba. Na ji ƙas. Ya sa yatsa biyu ya warware sukurun ya ajiye mini a tafin hannu, kansa lafiya lau. Ya ce a cikin ƙarfen akwai sifirin da wata hanya a karkace, in ka buga, bugun ne ke danna kan ciki yana kuma juya shi a lokaci guda, shi ya sa ba ya zamewa ya cinye kai.

Sai ya juya ƙarfen ya ce, “Saura abu ɗaya, ka ga nan wajen wuyan...”

Na karɓe daga hannunsa. Na ce, “Na gane, Oga. Ni da ƙarfe ba yau muka fara ba.”

Ya ɗaga kafaɗa ya koma shago.

Kai, Abba, wannan lokaci ya yi daɗi. A duk layin ni kaɗai ke da shi. Makanikai daga bayan tasha su turo inji a baro don in buga musu sukuru ɗaya. Masu wucewa su tsaya kallo, in ya yi ƙas su ce “Ikon Allah!” Da rana Obi ya tsallako da kujerarsa, mu sa rogo da ƙuli a faranti ɗaya, rediyon mai shayi na yi, muna gardamar ƙwallo, shi da ni duk ba mu taɓa shiga filin wasa ba. Da Sallah in aika masa cinyar rago, da Kirsimeti matarsa ta aiko da shinkafa, kuma kazar ni ake kira in yanka don mu iya ci. In na tafi masallaci ya zauna mini a rumfa. Ran Lahadi da safe in sa ido a kan shagonsa. Ba mu taɓa zama mun shirya haka ba, haka kawai abin ya tafi.

Ba a daɗe ba noman rani ya kankama a fadamun Katagum, kowa na neman injin ban-ruwa, aiki ya ƙaru mana. Wata rana aka aiko daga wani dattijo, Jauro Hamma, cewa injinsa na yoyo, ba ya jan ruwa, ga shi bai daɗe da dashen albasa ba. Lokacin zafi ya fara. Na ɗaure akwatin aiki a babur na kama hanya, rabi kwalta rabi yashi. Na isa na tarar da gona shimfiɗe har bakin kogi, fangali bayan fangali, albasa ta fara tsayuwa kore shar. Jauro da ’ya’yansa suka kewaye ni.

Aikin ba wuya. Akwai fankar da ke tura ruwa a cikin injin, sai an cire ta a canja robar da ke bayanta. Noti ɗaya ke riƙe da ita a kan sandar inji, tsatsa ta kama shi. Na fito da jan gwangwani da alfahari, don na ga idonsu a kai. Abin da ban sani ba, kwana biyu kafin nan mai facin da ke kusa da ni ya ari ƙarfen ya ɗaure wani noti da shi. Ashe ana danna wuyan a juya shi, gefe ɗaya na kwancewa, ɗaya na ɗaurewa. Abin da Obi ya so nuna mini ke nan. Mai faci ya sani, ni mai ƙarfen ban sani ba.

Na buga, bai motsa ba. Maimakon in tsaya in duba, na ƙara ƙarfi. Kowane bugu ƙara ɗaure shi nake. Sai na ji ƙas, amma ba irin wadda na saba ji ba. Kan notin ya faɗo cikin yashi, guntunsa ya karye a cikin sanda.

Babban ɗan Jauro ya buɗe baki zai yi magana, uban ya ɗaga masa hannu. Sannan Jauro ya ce, “Malam, ya gyaru?”

Zuciyata ta ce in ce dama notin ruɓaɓɓe ne. Na dubi fuskar dattijon na kasa. Na ce, “Jauro, na ɓata shi. Da hannuna. Sai an kai Azare an huda an fitar da guntun.”

Ya kalli gonar. Can ya ce wa ’ya’yansa, “Ku je gida ku ɗauko igiya da babbar ƙwarya. Itacen jigon nan na bayan rumbu, ku zo da shi.” Ya juyo gare ni ya ce, “Kafin inji da jigo muke ban-ruwa. Ba mu manta ba.”

Ban iya hawa babur na bar su ba. Na tuɓe riga na taya su kafa jigo, na karɓi igiya. Na yi kokawa, amma ban taɓa sanin gajiya ba sai ranar. Ka ja, ka juye, ka saki, ruwan ya bi kwata ya ɓace a yashi kafin ya kai rabin gona. Da rana ta faɗi tafin hannuna duk ya saɓule.

Washegari na ɗauro injin na dawo Azare, na tarar babu wuta a gari, mai injin huda ƙarfe yana zaune yana fifita. Na je na faɗa wa Obi komai. Na zaci zai yi dariya, kuma ya yi, har da riƙe tumbi. Da ya gama ya ɗauki ƙarfen ya nuna mini alamomi biyu a wuyansa, ƙanana, ɗaya hagu ɗaya dama. Ya ce, “Yau za ka bari in ƙarasa maganata?” Na ce, “Ƙarasa.” Sannan ya shiga cikin shago ya jawo sabon injin ban-ruwa a kwalinsa, wanda ya kawo don sayarwa, ya ce, “Ɗaura. Su yi aiki da shi har a gyara nasu.” Ya kulle shago ya hau bayana, injin a tsakaninmu, yana ta ƙorafin cewa yashin Katagum zai kashe shi.

Ruwa ya hau gona a ranar. Amma fangalin da ke can nesa da kogi sun riga sun ƙone, ba su tashi ba. Jauro bai taɓa ambata mini su ba. Ya sa aka dama mana fura, ya yi ta hira da Obi da Fulatanci suna dariya, na san da ni suke. Da kaka ta albasa ta zo sai ga buhu biyu a motar kasuwa, ɗaya nawa ɗaya na Obi. Na Obi ya fi girma, kuma daidai ne.

Don haka, ɗana, in mutum yana nuna maka abu, ka bar shi ya kai aya, ko da kana ganin ka sani. A wurin da za ka, za ka tarar da waɗanda ba su yi makarantar da ka yi ba amma sun girme ka a aikin. Ka tambaye su. Bugun farko ka yi shi a hankali, ka duba ina abin ya nufa kafin na biyu. Ko da bindigar iskar ce, ka fara ɗaura noti da yatsunka kafin ka sa mata baki. In kuwa ka yi ɓarna, ka faɗa a wurin, da bakinka, kafin wani ya gano.

Wauta ta uku ka san ƙarshenta, don kai ka riƙa ɗiga mini magani. Farkonta ne ba ka sani ba. Shekara da shekaru ana dukan ƙarfen nan, gindinsa ya baje, gefen ya yi leɓe ya fara tsattsagewa. Duk lokacin da Obi ya ɗauka sai ya shafa wurin da babban yatsa ya ce, “Sule, kai wannan a goge shi a dutsen wasa. Wata rana zai tofa maka.” In ce gobe. Mai dutsen wasan fa ba nisa, daga rumfata ana jin ƙararsa. Har gilashin kare ido Obi ya ba ni, na rataye shi a ƙusa, wai yana sa ni gumi.

Ranar kasuwa ce, aiki ya yi yawa. Na buga, sai na ji kamar an watsa mini garwashi a idon hagu, ashe ɗan guntun ƙarfen ne ya ɓalle ya shiga. Na saki guduma na dafe. Nan da nan mutane suka taru, wannan ya ce a hura, wancan ya ce a kawo ruwan gishiri, wani har ya tafi neman maganaɗisu. Sai na ji muryar Obi, ban taɓa jin ya yi tsawa haka ba: “Kada wanda ya taɓa shi!” Ya kama hannuwana biyu ya riƙe gam don kada in murza. Ya kifa kofin shayi a kan idon ya ɗaure da ƙyalle. A asibitin gari suka ce sai Kano. Mutumin nan ya bar shagonsa a ranar da ya fi ciniki, ya nemo mota, ya zauna kusa da ni ya tallafe kaina har muka isa. Shi ya yi ta Turanci da likitoci. Shi ya riƙa kama hannuna yana kai ni wurin alwala, ya tsaya daga gefe har in gama. Da muka dawo Innarka ta ce mini, “Malam, wannan ɗan’uwanka ne, a wani gida kawai aka haife shi.”

Na goge gindin ƙarfen, za ka gan shi sumul. In ya sake yin leɓe, a ranar za ka kai shi. Gilashin ma yana cikin gwangwanin. Ka sa shi, ka yi gumin.

Idon bai gama warkewa ba aka aiko wa Obi mahaifinsa ya rasu, kuma shi ne babba, dole ya koma ya riƙe gida. Ka riga ka koma makarantar kwana lokacin. Na raka shi tasha. Duk hanya ina shirya maganar da zan faɗa masa, ta inji, ta Kano, ta shekarun nan duka. Da muka isa sai na tsinci kaina ina yi masa faɗa a kan yadda aka ɗaure kayansa a saman mota. Shi ma ya biye mini. Da direba ya tayar da mota, sai ya sa tafin hannunsa ya rufe mini idon dama, ya ce, “Me kake gani?”

Na ce, “Wata inuwa mai tumbi.”

Ya yi dariya. Ya ce, “Zai dawo, Sule. Ka riƙa sa maganin.” Ya shiga mota. Na tsaya har ta sha kwana, ban ce masa na gode ba.

Na aika takarda ta hannun wani direba, ban san ko ta isa ba. Kada ka yi irin wannan. Wanda ya yi maka alheri, ka gode masa yana tsaye a gabanka, ko da kunya za ta kashe ka. Kuma yanzu kai ne za ka zama baƙo a garin wasu, kamar yadda ya zama a namu. Ka koyi gaisuwarsu. Ka riƙe sallarka, kada ka raina tasu ibadar. In maƙwabcinka ya tafi coci, ka sa ido a kan ƙofarsa.

Ga aikena guda ɗaya. Wani direban tirela ya ce mini bara ya gan shi a kasuwar kayan babur ta Anacha, wai can Obi Ɗan Azare suke ce masa. In ka samu hutun farko, kafin ka yi tunanin zuwa gida, ka je ka neme shi. Ka durƙusa ka gaishe shi kamar yadda za ka gaishe ni, ka kira shi Baba. Ka dube shi da kyau don ka rubuto mini ko ya yi furfura. Sannan ka ce masa ranar da aka nemi watan azumin bana, na fita bayan masallaci, na rufe idon dama da tafin hannuna, na ga watan da na hagu, siriri, a saman darbejiya. Ka ce masa Sule yana gani. Ka ce Sule ya gode.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare hannunka da idonka, ya ba ka halal mai amfani. Allah ya sa ka same shi da rai da lafiya. Ya dawo mana da kai muna raye. Innarka da ƙannenka suna gaishe ka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sule Makanike